Wutar da Ba Ta Barci

Kwana tara ke nan a jere
Fijon Doña Nélida na kwana da rai, ta wayi gari gawa.
A murɗa makulli: ƙas, ƙas. Shiru.
Sai yaran layi su taru su tura,
gangaren Valparaíso ya ƙarasa aikin,
ta yi tari a giya ta biyu, ta farfaɗo dab da teku.

Batir biyu ta saya cikin wata guda.
Na ce, Doña, randa ba ta da laifi,
wani ne ke sha da dare.

Na zo da yamma, hazon teku na hawo tudu.
Na kashe komai, na zare makulli,
na danne makunnin ƙofa da salatif.
Da sifana mai lamba goma na kwance baƙar waya,
na sa mita tsakanin batir da igiyarsa,
mai gadi a ƙofa ɗaya tilo:
duk abin da zai fita sai ya bi ta hannuna.

Motar da ta yi barci numfashinta kaɗan ne,
talatin, arba'in, abin da agogo zai lasa.
Wannan ɗari huɗu da ashirin take zuƙa,
ko kunya babu.

Na durƙusa gaban akwatin fis, gwiwa na ƙara,
ina zare su ɗai-ɗai kamar haƙoran tsoho,
jikarta Maite na karanta mini mita.
Na rediyo. "Yana nan."
Na hon. "Yana nan."
Na fitilun gefe, na mashare gilashi,
na abin kunna taba da rabonsa da aiki tun tana goye.
"Yana nan, Don Eleuterio, bai motsa ba."

Na zargi altaneta, na cire mata waya.
Ɗari huɗu da ashirin.
Na mayar, na ba ta haƙuri.

Shekara talatin ina wannan sana'a,
ga ni tsaye ina susar ƙeya gaban 'yar shekara tara.
Can na hango ta ƙarƙashin maiƙo da datti:
siririyar koriyar waya, manne a jan kan batir,
ba ta bi ta fis ba, ba ta gai da kowa ba.
Ba aikin kamfani ba ne. Ɗaurin hannu ne,
irin ƙullin da ake yi wa ƙugiya.

Na bi ta da yatsa, ta ƙarƙashin kafet,
ta bayan kujera, ta ratsa ƙarfe, ta shige but.
Na ɗaga murfi: ƙaramin ƙwai na ci.
To, ai haka ya kamata in an buɗe.
Tambayar ita ce, in an rufe fa?

Maite ta cire takalma ta shiga, ta naɗe.
Na sauke murfi a hankali har ya kama.
Daga ciki murya ta fito, ƙarama, da dariya:
"Da haske a nan!"

Doña Nélida ta dafa katanga.
Baldomero ne ya ja wayar, in ji ta,
don ya ga ɗaura ƙugiyoyinsa kafin asuba a bakin ruwa.
Shekara biyu da binne shi.
Gwangwanin ƙugiyoyin na nan a lungu, sun yi ja,
gishirin da ya ci su shi ya ci makunnin,
ƙwan kuwa ya yi ta ci, dare da rana,
yana haska kayan da ba mai zuwa ɗauka.

Na ce, in yanke ta, minti ɗaya ne.
Ta daɗe ba ta amsa ba.
Ta ce, kar ka yanke. Sa mata sabon makunni.

Na sa, na ƙara mata fis, don ba na son gobara.
Mita ta sauko talatin da biyar.

Washegari murɗa ɗaya, inji ya kama.
Yaran layi na tsaye, sun naɗe hannun riga,
suna harara ta
don na kashe musu kasuwa.