Tambaya ta Goma Sha Huɗu

Takardar shafi uku ce, biron ma na aro ne.
Suna: Ilyasu Barau. Wannan ba gardama.
Tsawo, nauyi, rukunin jini,
na bi su ɗaya-ɗaya kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa,
har na iso ta goma sha huɗu:
Ka taɓa yin doguwar jinyar ƙirji?
Ga akwati biyu, E da A'a,
kowanne bai kai ƙwayar gyaɗa ba.

Tukur ya zungure ni da gwiwar hannu:
"Ja A'a, malam. Wa ya gan ka?
Abin da ya wuce ai ya bi ruwan Kubanni."

Wa ya gan ni? Goggo Tasalla ta gan ni.
Wata takwas tana rungume da ni a kan acaɓa
daga Palladan zuwa asibitin Saye,
ina ɗan shekara tara,
ana ƙirga haƙarƙarina ta cikin riga.
Kofina daban, cokalina daban,
ga ƙwayoyin nan masu mai da fitsari kamar manja.
Ba makaranta, ba ƙwallo,
sai tabarma a tsakar gida,
sai ƙananan jiragen kwaleji
da ke ratsa saman rufinmu, su kewaya, su dawo,
kamar shirwar da ba ta gama koyon shawagi ba.
Tarin ne ya kwantar da ni rigingine.
Da ban kwanta ba, da ban dubi sama ba.

Na ja E.
Gumin hannuna ya jiƙa gefen takardar.

Likitar ta tura tabarau kan goshi, ba ta ko ɗaga gira ba.
"Kawo mini tsohon katinka."
Katin shekara goma sha shida!
Na fito ina jin Kwangila na juyawa da ni.

Goggo ba ta ce uffan ba.
Ta jawo gwangwanin madara daga ƙarƙashin gado,
ta ɗaga rasit ɗin keken ɗinki,
ta ɗaga hoton Baba,
ga shi nan, shuɗi, gara ta ɗanɗani kusurwa ɗaya
ta bar mana hatimin da ya ce na warke.

Daga nan sai Shika.
Na jingina ƙirji da ƙarfe mai sanyi, na riƙe numfashi.
Aka ba ni bututu: "Hura! Hura! Kar ka tsaya!"
Na hura har na ga taurari da rana tsaka.
A jikin hoton, can sama ta dama,
wani ɗan fari-fari kamar gajimaren da ya ɓata hanya.
"Tabo ne," in ji ta. "Tabo ba ciwo ba ne,
amma sai na tabbata barci yake yi."

Sati biyar.
Tukur ya karɓi tasa, har ya ɗinka farar riga.
Ni ina PZ ina kwance janareton mutane,
in jirgi ya wuce sai sifana ta tsaya a hannuna.
Wani dare na yi tari sau ɗaya, na yaji ne kawai,
ban runtsa ba har kiran assalatu.

Ranar Laraba ta sa hannu.
Ya dace, da sharaɗi: a sake dubawa bayan wata shida.
Sharaɗin bai dame ni ba.
Wanda ya sha magani wata takwas ya san kan jira.

Goggo ba ta karanta boko.
Ta shafa takardar, ta shinshina ta,
ta ninke ta tare da katin Saye a gwangwani ɗaya.
Sannan ta ce, "Ranar da za ka bi ta nan, ka faɗa mini.
Zan shanya jan zanen nan a kan katanga,
kar ka wuce gida ba ka gane ba."