Itacen Cokali

Kaka Orlena ba ta yarda da littafi ba.
Ta ce wanda ya zana furen nan a takarda
ƙafarsa ba ta taɓa sanin gangarenmu ba.
Ina 'yar shekara tara ta ja ni,
muka bi ta bayan rumbun shanya taba,
farkon Yuni, gajimare na kwance
a cinyar duwatsun Karolina.

"Kada ki neme shi a fadama," in ji ta,
"ba ya son ƙafarsa cikin ruwa.
Duba inda ƙasa ta rame, ta yi tsami,
inda tsakuwa ta fi turɓaya yawa,
ƙarƙashin manyan itatuwa masu tace rana."

Ga shi kuwa, ya ɗara ni tsawo,
rassa a murɗe kamar yatsun hannunta.
Ganye gajere, mai kauri, mai sheƙi,
ko ƙanƙara ta sauka ba ya zuba.
"Wancan na bakin rafi ɗan'uwansa ne,
dogon ganye gare shi, sanyi kan naɗe shi.
Kama da wane ba ta wane."

Ta tanƙwaro mini fure guda:
'yar tasa fara mai kusurwa biyar,
da jan zobe can a gindinta,
zare goma a lanƙwashe,
kowane ya cusa kai cikin aljihunsa.
Ta miƙo tsinken ciyawa. "Taɓa."
Na taɓa. Fat! Zaren ya ɗago,
ya watsa mini gari a farce.
"Haka yake yi wa ƙudan zuma," ta ce,
tana dariya har da tari.

Da na kai ganyen kusa da baki
ta buge mini hannu.
Tumakin Dewey Tipton uku
nan suka yi kiwo, nan suka kwana,
ba su tashi ba.
Amma daga saiwarsa kakana ya sassaƙa
cokalin da take juya fate da shi
shekara arba'in, ba wanda ya yi ko ciwon kai.

Bana na hau ni kaɗai.
An shata hanyar mota ta tsakiyar kurmin.
Daga hagu, bayan tulin duwatsu,
saura gindi shida, ko bakwai.
Na tsinko ciyawa, na durƙusa.
Ƙudan zuma ya riga ni.