Nauyin Makullai

Daga Kokomo zuwa gida mil goma sha tara ne,
masara dama, masara hagu,
hanyar da na sani kamar yunwar cikina.
Daren Laraba na taso daga aikin asibiti,
mai rediyo yana karanta farashin waken soya,
sai taya ta faɗa wani ɗan rami,
ramin da bai isa ya ɓarar da shayi ba.

Injin ya ɗauke numfashi.
Ba tari, ba sallama.
Sitiyari ya ƙage kamar ƙofar da ta sha damina,
birki ya koma dutse a ƙarƙashin ƙafata,
mai rediyo kuwa bai fasa lissafinsa ba.
A madubi, fitilun tirela suna ta girma.

Gonar wani ce ta karɓe ni.
Na zauna ina jin karan masara yana karyewa,
hannuna na rawa, makullai na lilo.

Orville makanike ya ɗaga ta, ya sauke,
ya goge hannu da tsumma, ya ce lafiyarta ƙalau.
"Darlene, anya ba gyangyaɗi kika yi ba?"
Na karɓi laifin, na goya shi shekara biyu.

Travis, ɗan maƙwabciyata Noreen,
shi gona ba ta tare shi ba, bishiya ce.
Jakar iska ta ƙi buɗewa.
Gari ya ce gudu ne, wasu suka ce giya,
uwarsa ta daina zuwa coci
saboda irin kallon da ake mata.

Sai ga wasiƙar kamfani, fara fes, mai ladabi:
wai wani ɗan ƙarfe ne a ramin makulli
ya gaza da abin da bai kai ƙwayar shinkafa ba.
Wai kafin kayan gyara su iso
in sauke duk abin da na rataya.

Na zauna a teburin kicin ina ɓamɓare zobe da farce:
makullin gidan mahaifiyata, da aka sayar tun tuni,
na akwatin magani a hawa na uku,
ɗan kifin tagulla da ɗana ya ƙera a makaranta,
da wani ƙarami da na manta ƙofarsa.
Ashe duk abin da na ƙi rabuwa da shi
shi ke jan injin zuwa barci.

Na tsallaka titi da wasiƙar.
Noreen ta karanta a tsaye, sau biyu,
ta ninke ta daidai yadda ta zo,
ta ce, "Makullin gidana ne a jikin nasa.
Ni na saƙala masa, don yakan yi dare."

Yanzu da makulli ɗaya nake tuƙi, tsirara,
gwiwata nesa da shi,
rediyo a kashe.
Injin nake saurare.