Akwatin Gilashi

Shekara huɗu ke nan da canki ya faɗo kaina,
ni Olaya, 'yar Belarmino mai haƙar kwal,
aka ce in zauna gadin akwatin zaɓe
a ajin da na fara koyon rubuta sunana.

Akwatinmu na gilashi ne, ba ya rufa asirin kowa.
Tun hantsi har rana ta jingina da duwatsun Asturiyas
ambulan talatin da bakwai ne suka kwanta a ciki,
ina kallonsu, suna kallona.
Sunaye ɗari huɗu ne a takardata.
Wasu suna Madrid suna goge teburan baƙi,
wasu tari ya hana su saukowa matakala,
saura suna gida, sun ja labule.

Washegari na tari Eladio a bakin gada,
shi da ya shekara talatin yana tura keken kwal a cikin duhu.
Na ce, me ya hana ka?
Ya ce, Olaya, bas ta daina hawowa.
Likita sai Talata, in dutse bai rufto kan hanya ba.
Sun toshe ramin, sun sallame mu da agogon bango
don mu riƙa ƙirga zaman banza.
Wanda bai san hanyar gidana ba,
me zai yi da muryata?

Ban sami amsa ba. Na tafi sayen burodi.

A damina wani mai lasifika ya hawo daga birni,
ya nuna mana waɗanda za mu tsana.
An tafa masa sosai.
Ba don gaskiyarsa ba,
shi kaɗai ne ya ɓata takalminsa a laka tamu.

Sai Nieves ta dawo daga Jamus
da takardar walda da taurin kan uwarta,
ta nemi mabuɗin ɗakin fitilun mahaƙa.
Wata takwas ana kai ta ana kawo ta tsakanin ofisoshi.
Bashin ya zo a makare, rabinsa kuma.
Duk da haka ƙofar ta buɗe,
ƙugiyoyi ɗari uku na rataye fitila
suna nan a bango, kowace da lambar mutum.
Na ga ta babana. Ɗari da sha tara.

Yanzu mutum goma sha biyu ke gyaran injin noma a can,
a bayan ginin ana matse tuffar da da take ruɓewa a ƙasa.
Yeison ya zo daga Kolombiya da 'ya'ya uku,
da su aka cika adadin da ya hana a rufe makaranta.
Rufin yana yoyo har gobe.

Amma abin da nake son faɗa shi ne faɗan.
Daren Alhamis, a zauren gari,
a kan ƙarfe nawa bas za ta tashi,
Eladio, wanda ya ce ya wanke hannunsa,
ya miƙe yana dukan benci, jijiyar wuya a waje.
Aka ɗaga hannu: ashirin da uku, sha tara.
Ya sha kaye. Ya zagi kowa. Ya fita.
Alhamis ta zagayo, shi ya riga mu zuwa.
Ai ba a gardamar iyaka
a kan gonar da ba taka ba.

Bana ba ni ce a tebur ba, layi na bi.
Layi, a garinmu!
Mutum tara kacal, amma har ruwa ya jiƙa ni.
Hasumiyar ramin tana can tana cin tsatsarta,
matasa da yawa ba za su dawo ba, na sani.
Eladio na gabana yana mita a kan sanyi,
ban san wa ya zaɓa ba, da wuya mu zo ɗaya.
Na dai ga ya cusa ambulan cikin rigarsa,
ya dafe da tafin hannu,
kada ruwa ya taɓa.