Rabin Kulochi

Ƙauri ne ya fara tona mini asiri.
Ranar Talata, a hawan tudun Alegre,
inji na kururuwa kamar an taka masa wutsiya,
allura ta wuce dubu huɗu,
motar kuwa sai jan ciki take.

Na gangara da ita wurin Nibaldo,
can bayan tashar jiragen ruwa ta Valparaíso,
inda gishirin teku ya cinye rabin rufin garejinsa.
Bai ko buɗe bonet ba.
Ya shinshina sau ɗaya, ya ce, ya ƙone.

Shekararta talatin da takwas.
Kujera biyu gare ta, ba wurin baƙo.
Ja ce a da, jawur,
yanzu ta koma launin busasshen tattasai,
amma in ta samu miƙaƙƙen titin bakin teku
har yau tana tuna ko ita wace ce.

Ya zaro fensir daga bayan kunne,
ya yi lissafi a jikin kwalin batir:
faifai da murfinsa da boris,
peso dubu ɗari huɗu da tamanin,
in an dace da su a Santiago.
In ba a dace ba, jirgi, mako shida.
Kuɗin hannu dubu ɗari uku da hamsin,
don sai an sauke akwatin giya gaba ɗaya
kafin a kai ga abin da bai fi farantin cin abinci ba.
Na ce, fanshona na wata biyu ke nan.
Ya ce, tsohuwar zuma ai ba ta araha.

Na tambaye shi, sabon zai kai shekara nawa?
Ya yi dariya har da tari.
Kulochi ba ya ƙirga shekara, in ji shi,
ƙafa yake ƙirgawa.
Na farko, ni na cire shi da hannuna,
kilomita dubu ɗari da sittin ya yi
a ƙarƙashin takalmin Griselda.
Ita in ta taka ta taka,
in ta saki ta saki.
Wannan da na sa maka bayan rasuwarta
ko dubu talatin bai cika ba.

Da Jumma'a ya kira ni in zo in gani.
Ya ɗora faifan a tafin hannuna,
sumul kamar gindin tsohon kofi,
gefensa ya yi shuɗi don zafi,
kawunan ƙusoshin duk sun leƙo.
Ya ce, wannan ba gudu ba ne, maigida,
ba kuma cunkoso ba.
Wannan tsayuwa ce.
Wa kake jira a kan tudu?

Ban amsa ba.
Me zan ce wa mutum mai giris har gwiwar hannu?
Cewa kowace yamma, ƙarfe shida saura,
ina hawa har ƙofar maƙabarta,
inda titin ya miƙe tsaye kamar tsani,
in riƙe motar da rabin kulochi?
In na ja birkin hannu, sai na fita.
In na ɗaga ƙafa, na tafi ke nan.
Sai in zauna a tsakani,
inji na ja, tudu na ja,
ɗan faifan nan yana biyan bashin duka biyun
har mai gadi ya rufe ƙofa.

Na ba shi rabin kuɗin,
saura sai ƙarshen wata.
Ya lissafa, ya cusa a aljihun gaba,
ya bi ni har bakin titi yana goge hannu.
Birkin hannunka lafiyarsa lau, ya ce,
na duba.
Shi kyauta ne.

Kayan sai Laraba ta sama.
Na hau tudun da ƙafa,
gwiwar hagu tana ƙara a kowace matakala.
Ƙarfe shida saura na iso.
Ƙofar a buɗe take,
ni kuma ba abin da zan taka.