Muryar Baba a Faranti

Ƙarfe biyar na asuba, Punta Arenas,
iska na dukan gilashin filin jirgi
kamar mai bin bashi.
Baba Evaristo ya sa kwat ɗinsa na zuwa coci,
ni kuma na rungume takardun asibiti.

Matar da ke auna kaya ta ɗago kai:
"Akwai batir a babban akwati?"
Na ce babu. Baba ya taɓa hannuna.
Ashe cikin safa ya naɗe su,
guda huɗu, kamar ƙwai.
Muka durƙusa a gaban layi
muka zazzage asirinmu a ƙasa:
wando, reza, hoton Mama, busasshen naman rago.

"Waɗannan ba sa shiga ƙarƙashin jirgi," in ji ta.
"In sun ɗau zafi a can, babu idon da zai gani.
Ku riƙe su kusa, ku liƙe bakinsu da tef."
Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina liƙewa,
ina tuna ranar da likita
ya fitar da maƙogwaron Baba.

Shekara arba'in yana kiran karnuka
daga wannan tudu zuwa wancan,
ihunsa ɗaya kan juya tumaki dubu.
Yau muryar ba ta fi kwalbar turare girma ba.
Sai ya danna ta a gefen wuya,
ta yi gurnani kamar zuma a gwangwani,
sannan magana ta biyo baya tana ɗingishi.

A wurin bincike wani saurayi mai safar hannu
ya ce a zuba komai a faranti.
Waya ta shiga, agogo ya shiga, bel, makulli.
Baba ya tsaya.
Ya cire igiyar daga wuyansa a hankali
ya kwantar da muryarsa kusa da takalmi.

Farantin ya tafi, labulen roba ya haɗiye shi.
"Malam, menene wannan abin?"
Leɓen Baba ya motsa, iska kawai.
Na buɗe baki zan ara masa nawa,
ya ɗaga mini yatsa: Ximena, jira.
Muka jira.
A allon na hango ta, baƙar aba ƙarama,
'yan wayoyi a ciki kamar jijiya.
Duk faɗan da ya taɓa yi mini,
ko ɗaya bai fito a hoton ba.

Da ta dawo ya goge ta da hannun riga,
ya danna, ya dubi saurayin:
"Ka ga zagi a ciki? Na ajiye wa likita."
Yaron ya yi dariya har ya manta da bel ɗinmu.

A sama, jakar tana tsakanin ƙafafunsa.
Baba ya koyi tsimin magana,
kowace kalma caji take ci.
Bai ce komai ba da aka kawo shayi,
bai ce komai ba da jirgi ya girgiza.
Sai da gajimare ya yage,
filayen ƙanƙara suka bayyana fari fat,
ya laluba wuyansa,
ya kira karensa da ya mutu bara,
sau biyu, kamar zai ji daga nan.

Har yanzu Santiago da saura.
Na leƙa jaka na sake ƙirga su.
Huɗu.