Rabin Bokiti

Sati uku ke nan famfon Tudun Jukun bai ce uffan ba,
in ka murɗa shi sai ya yi tari irin na tsoho.
Rijiyar gidanmu ta koma taɓo,
guga na sauka da fata, yana hawowa da kunya.
Motata na ƙarƙashin darbejiya,
jemagu sun yi mata zane,
jar ƙasar Ɗan Magaji ta ƙunsa mata lalle har ƙugu.

Sai ga Rumasa'u, 'yar ƙanena, daga Samaru,
da 'yar kwalba a jaka da tsummoki shida masu laushi.
"Baffa, murfi ɗaya a rabin bokiti.
Ba ɗauraya."
Na ce, ke yarinya,
ni da na yi ƙuruciyata a bakin Kubanni
ina wanke tasi da a-kori-kura a kan sule biyu,
ruwa har gwiwa, kumfa har gira,
ni za ki koya wa wanki ba ruwa?

Malam Yahuza tela ya leƙo, tef a wuyansa:
"Yau kuma taimama za a yi wa motar?"
Masu zaman benci suka kwashe da dariya.

Ba ta kula su ba.
Ta tsoma tsumma, ta matse kaɗan, ta ninka huɗu.
"Daga rufi ake farawa.
Ja sau ɗaya, kar ka cuɗa, kar ka zagaya.
Gefe ya yi datti, juya wani.
Wanda ya taɓa mota ba ya komawa bokiti."
Ruwan da santsi kamar na karkashi,
da ƙamshin alewar yara.
Na ja, haƙora a cije,
ina jiran kukan yashi a kan fenti.
Shiru.
Dattin ya bi tsumma kamar ɗan akuya bayan uwarsa.
Na goge da busasshe,
sai ga hulata a karkace tana kallona.

Aikin ba ya son gaggawa.
Taki ɗaya, taki ɗaya, kamar mai shafa wa jariri mai.
A ƙofar baya ta hagu hannuna ya faɗa wani ɗan lotso,
bai fi tafin yaro ba.
Na tsaya.
Nan ne Kande ta goga wa mangwaron filin makaranta
ranar da na ce sai ta iya ribas,
ta kifa kai a sitiyari tana dariya har da hawaye,
ta ce bishiyar ce ta matso.
Shekara huɗu da rasuwarta.
Sau nawa na watsa bokiti a wurin nan na wuce?
Ruwa mai yawa gudu yake,
kuma da idon mutum yake gudu.

"Baffa, lafiya?"
Na ce, tsumman nan ne ya cika, miƙo wani.

Kafin azahar mun gama.
Ƙasa a bushe, ƙafar wandona a bushe.
Agwagin maƙwabta da suka saba da kududdufin Asabar
suka zo a jere, suka zagaya tayoyi,
suka koma suna gunaguni.
Ɗan'azumi mai garuwa ya tsai da kurarsa,
ya dubi motar, ya dubi rabin bokitin,
ya dubi jarkoki huɗun da na saba saye.
Na ce sauke su duk, zuba a randar ƙofar gida,
masu wucewa ma suna jin ƙishi.

Malam Yahuza ya zo ya shafa bonet da yatsa,
ya duba yatsan, bai ce komai ba.
Rumasa'u ta ce, "To, yaya ka gani?"
Na ce tayoyin ba su fita sosai ba.
Ta yi murmushi, ta bar mini kwalbar a kan dakali.

Har yanzu hannuna na neman abin da zai watsa.